Ranar da Aka Sauke Allon Malam Tsaf

Akwai wani mai sana'ar tagogi da ƙofofin gilashi da kowa ke kira Manaja. Ba wanda ya naɗa shi. Shi ne ya wayi gari bayan rasuwar mahaifinsa ya ce wa ma'aikatan shago daga yau haka za a riƙa kiransa. Sunan kuwa ya bi shi, wasu na faɗa don ladabi, wasu don tsokana.

Mahaifinsa shi ne Malam Tsaf. Shi kam mutane ne suka raɗa masa, domin in ya auna taga ya yanka gilashi, sai ta zauna a mazauninta ko iska ba ta samun hanyar wucewa. Duk tsawon rayuwarsa bai taɓa karɓar kafin alƙalami ya yi ɓatan dabo ba.

Da ya rasu bai bar gidaje ba, bai bar filaye ba. Ya bar shago, da teburin yanka mai shimfiɗe da tsohon bargo, da allo a saman ƙofa da aka rubuta wa Gilashin Malam Tsaf. Wannan sunan shi ne gadon. Shi ke kawo aiki, shi ke ciyar da matarsa Inna, da Manaja, da ƙanwarsa Auta.

Kada in zalunci Manaja, ya iya aiki. Hannunsa ya gaji na ubansa. Abin da bai gada ba shi ne kunne. Ba ya iya jure a ce wani ya san abin da bai sani ba, balle a ce wannan wanin ƙanwarsa ce da ya goya.

Wata rana wani ɗan kwangila mai gina dogon bene ya kira shi ofis. Aka yi magana aka fahimci juna, sai mutumin ya ce ya bar adireshin imel a turo masa zanen ginin. Manaja ya rubuta wanda ya buɗe tun yana samari, na kyauta irin na kowa, mai ɗauke da laƙabinsa na filin ƙwallo da wasu lambobi a wutsiya. Sakatariyar ta karanta, ta danne dariya da bayan hannu.

Ya dawo shago yana huci. Auta na zaune a tsohon teburin mahaifinsu. Ta gama karatu tana jiran aiki, ita ke amsa waya kafin Allah Ya kawo. Da ta ji abin da ya faru sai ta ce, "Yaya, ai za mu iya yin namu. Imel mai sunan Baba a jiki."

"Wannan ai sai manyan kamfanoni. Nawa za su tatse mu?"

"Bai kai abin da kake cika tankin motar shago da shi sau ɗaya ba. Na shekara guda kuma."

Ya ja kujera ya zauna, yana yi kamar ba shi da sha'awa.

A gabansa ta yi komai. Ta fara duba ko wani ya riga su ɗaukar sunan a intanet, wanda masu abin ke kira domen. Ba kowa a kai. Ta biya da katinta na banki, don nasa ba ya aiki a intanet. Sannan ta nemi wani kamfani mai araha da ke ajiye saƙonni, ta kwafo wasu layukan rubutu daga wannan ta liƙa a wancan, don su san juna. Da aka nemi adireshin da za a tuntuɓa in an manta kalmar sirri, sai ta sa tsohon imel ɗinta.

"Wannan shi ne makullin ajiya," in ji ta. "Sai kuma abu ɗaya, Yaya. Sunan nan haya muka kama, ba saye ba. Duk shekara sai an sabunta. In aka bari ya wuce, kowa ma zai iya ɗauka."

"Na ji, na ji," ya ce, idonsa na kan gilashin da ke jingine da bango yana gyara wuyan riga.

Da la'asar abu ya kankama. Auta ta ce saƙon farko ba ɗan kwangila za a tura wa ba, Inna za a tura wa. Suka tafi gida tare. Inna na tsakar gida tana ninke wanki wayarta ta yi ƙara. Auta ta buɗe mata ta nuna mata saman saƙon.

Inna ba ta yi nisa a boko ba, amma ta san siffar sunan mijinta, ta yi shekara da shekaru tana ganinsa a kan allo. Ta ɗora yatsa a kai ta daɗe ba ta ɗauke ba.

"Wato yanzu har can inda ba a san shi ba za a ga sunansa?"

"Ko'ina a duniya, Inna," Manaja ya amsa da sauri, kamar shi ya yi aikin.

Inna ta share ido da gefen zane. "To ku riƙe shi da kyau. Bai bar muku komai ba sai shi."

Daga nan kasuwa ta buɗe. Ɗan kwangila ya ba da aikin, ya kawo wasu. Manaja ya sa aka rubuta sabon adireshin a ƙasan allon shago da manyan baƙaƙe, aka rubuta a jikin mota hagu da dama, aka buga a kati da rasit. In ya miƙa wa mutum kati sai ya nuna layin da farce ya ce, "A turo ta nan, ofishina zai amsa." Ofishin nan kuwa Auta ce da wayarta mai tsagaggen gilashi.

Rigimar ta taso ne daga gaskiya. Wani mai otal ya tambayi yaushe za a gama masa ƙofofi, Manaja ya bugi ƙirji ya ce mako biyu. Da mutumin ya sake tambaya ta imel, Auta ta duba kayan da ke ƙasa ta rubuta masa cewa sai wata guda. Mai otal bai ji haushi ba. Ya zo shago ya ce a gaban ma'aikata, "Wace ce ke amsa saƙonninku? Ita ce ta gaji Malam Tsaf. In ta ce wata, wata ne."

Ya faɗa ne da yabo, amma a kunnen Manaja mari ne.

Da yamma ya kira Auta zuwa ɗakin Inna. Ya ce Auta ta shaƙe shago a wuya, tana karanta asirinsa, tana kunyata shi a gaban baƙi, tana shirin janye masu sayayya ta buɗe nata. Auta ta yi kuka ta ce ba haka ba ne. Inna ta rasa inda za ta sa kanta. Ita zaman lafiya take so, kuma a ganinta babba babba ne.

"Auta, ki miƙa masa abinsa," ta ce. "Kuma ki yi min alkawari ba za ki sake sa hannu a ciki ba sai shi da bakinsa ya ce ki sa. In kin saɓa, ban yafe ba."

Auta ta sunkuyar da kai. "Na yi alkawari, Inna."

A nan take ya karɓi kalmar sirri ya canza. Ya cire katinta, wai kada gobe a ce da kuɗin ƙanwarsa yake riƙe da shago, bai kuma sa nasa ba. Ya goge imel ɗinta daga wurin makullin ajiya, ya rubuta sabon adireshin shagon a madadinsa.

Auta na kallonsa ta gefe. "Yaya, kada ka sa wannan. Ka sa kowanne, amma ban da shi. Kamar ka kulle ɗaki ne ka wurga makullin ajiya ciki ta taga."

"Alkawarin har ya fara tsufa ne?" ya tambaye ta.

Auta ta tashi ta fita. Ba a daɗe ba ta samu aiki a wani kantin magani a can ɗaya gefen gari, ta daina zuwa shago. Manaja ya toshe lambarta.

Watanni suka shuɗe. Sai wasu saƙonni suka fara shigowa cikin Turanci, suna cewa wa'adin sunan ya kusa cika, a biya a sabunta. Manaja ya karanta ya yi murmushi. Ya sha jin labarin 'yan damfara masu turo irin wannan. Har ya kira ma'aikata ya nuna musu.

"Kun gani? Abin da na saya da kuɗi, wai in sake biya. In ka sayi fili, duk shekara kake komawa wurin mai shi? Ni za a yi wa wayo?"

Ma'aikata suka ce ai Manaja ya fi ƙarfinsu. Ya goge saƙon. Wani ya zo, ya goge. Na ƙarshe ya zo da jan rubutu, shi ma ya bi sahu. Abin tausayin shi ne yana ganin hankali yake yi.

Ran nan sai wayar ta yi tsit. Babu saƙo mai shigowa, in ya tura kuma ba ya tafiya. Da farko ya ɗora wa kasuwa, sannan ya ɗora wa sabis. Sai da wani ya kira shi ya ce, "Na turo muku awo, saƙon ya dawo min," sannan ya nufi wurin mai gyaran waya a bakin titi.

Mai gyara ya duba ya ce, "Hayarku ce ta ƙare, Manaja. Amma da sauran dama, sukan ɗaga ƙafa na ɗan lokaci. Shiga ka biya kawai. Mene ne kalmar sirrin?"

Manaja ya yi sabuwar waya tun bayan rigimar, kalmar kuma ta tafi tare da tsohuwar. Ya gwada sunansa, ya gwada na matarsa, ya gwada lambar mota. Babu.

"Ba komai, bari mu ce mun manta," in ji mai gyara. Ya danna, ya jira, sai ya ɗago kai. "Sun ce sun tura sabuwa zuwa adireshin ajiya. Wanne kuka sa?"

Manaja ya faɗa masa.

"Ai shi ne wanda ya mutu. Wa ya ba ku wannan shawarar?"

Mai gyara ya ƙara dubawa ya ce hanya ɗaya ta rage. Wanda aka buɗe asusun da sunansa tun farko ya tura wa kamfanin katin shaidarsa, za su buɗe masa. Ya juyo da wayar ya nuna masa sunan. Na Auta ne.

Jama'a, a nan ne Allah Ya ba shi ƙofa a buɗe. Kalma ɗaya ake nema daga bakinsa.

Bai ma sha wahalar zuwa ba, ita ta zo. Tana lissafe da lokacin a ranta. Ta shigo shago da rigar aikinta ana tsakiyar yankan alminiyam, ta gaishe shi har ƙasa, ta ce tana son magana a keɓe.

"Faɗi a nan. Ba ni da abin ɓoyewa."

Aka kashe inji. Ta ce, "Yaya, sunan Baba na gab da fita daga hannunmu. Ba na son shago, ba na son kalmar sirri. Ka ce min 'gyara' kawai, in gyara in miƙo maka in tafi."

Ya dubi ma'aikata, ya ga duk sun zuba masa ido. Zuciyarsa ta ce masa ka faɗa mana, me zai ragu a jikinka? Amma ya tuna mai otal, ya tuna ranar da ya nuna musu saƙon yana cika baki.

"Ashe ke ce kika kashe shi don in zo in durƙusa miki," ya ce. "To ban durƙusa ba. Kama hanya."

Ta tsaya kamar za ta ƙara magana, sai ta juya. Yana ganin kafaɗunta na rawa har ta tsallaka titi.

Da Inna ta tare shi da zancen, don Auta ta kai mata kuka, sai ya ce, "An gyara tuni, Inna. Neman suna ne kawai irin nata." Inna ta gaji da shari'ar 'ya'yanta. Ta ce wa Auta ta bar maganar haka.

Ya koma karɓar aiki ta waya. Ya ce wa kansa dama can Malam Tsaf bai san wani imel ba kuma ya ci abinci. Lokaci-lokaci yakan ɗauko tsohon adireshinsa na ƙwallo ya tura wa na shagon kalma ɗaya, "gwaji", ko Allah zai sa ya farfaɗo da kansa. Kullum saƙon dawowa yake yi.

Sai wata safiya bai dawo ba. Kafin ya gama shan shayi amsa ta shigo. A samanta ga sunan mahaifinsa.

"Mun gode da tuntuɓar Gilashin Malam Tsaf. Turo mana awon tagoginka, za mu ba ka farashi mai sauƙi. Ana biyan rabi kafin a fara aiki."

Ya ture kofin shayin gefe. Ya ce wa matarsa ta kira Auta ta tambaye ta ko ita ce. Matar ta dawo da waya a hannu, fuskarta a sauye.

"Ta ce ba ita ba ce. Ta ce wa'adin ya ƙare, an saki sunan, wani ya ɗauka. Ba ta san ko wane ne ba, ba ta san ƙasar da yake ba. Ta ce don girman Allah ka shafe adireshin daga allo da mota yau ɗin nan, ka sanar da duk wanda ka taɓa ba kati."

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Duk wanda ya karanta allon nan, ko ya ga motar a kan titi, ko ya zaro tsohon rasit ya rubuta saƙo, yanzu hannun baƙo saƙonsa ke faɗawa.

Manaja ya sayi fenti a ranar. Ya ajiye gwangwanin a ƙarƙashin teburin yanka. Amma in ya ɗaga kai ya dubi allon sai ya hango maƙwabta na tambaya, "Manaja, lafiya ake goge ofis?" Ya ce bari sai ranar hutu in layin ya yi shiru. Ranar hutu ta zo, aka yi baƙi. Ya ce ai ba lalle wani ya rubuta ba, mutane sun fi son waya. Gwangwanin ya zauna a wurin har ƙura ta rufe murfinsa.

Wata rana da hantsi wata tsohuwa ta shigo shago tana dogara sanda. Ungozoma ce da ta yi ritaya. Ita ta karɓi haihuwar Manaja, ita ta karɓi ta Auta. Duk abin da ta tara a rayuwarta ta zuba shi a wani ɗan gida da take ginawa don ta bar gidan haya, saura tagogi da ƙofofi.

Ya tashi da sauri ya ba ta kujera. Ta zauna tana murmushi.

"Ɗana, ba gaggawa nake maka ba. Na zo ne in ji ko an fara. Damina ta kusa, mai gidan da nake ciki kuma ya ba ni wa'adi."

"An fara me, Mama?"

"Tagogina mana. Yarona da ke aiki a waje ya rubuto muku. Ni na karanta masa adireshin daga jikin motarku. Kun ce in aka biya duka a lokaci ɗaya za ku yi ragi, ya haɗa da nawa da nasa ya turo." Ta gyara riƙon sandarta. "Ya so ya tsaya bincike, na ce masa kul. Na ce gidan Malam Tsaf ne, ba a neman shaida a kansu."

Manaja ya ja da baya. Ya dafa teburin, yatsun ƙafarsa suka taɓa gwangwanin fenti.

"Mama, ba mu ba ne."

Ta dube shi. "Ba sunan ubanka ba ne a kai?"

"Shi ne."

"Ba shi ne a rubuce a saman ƙofar nan ba?"

"Shi ne, Mama. Amma ya fita daga hannunmu."

"Tun yaushe ka sani?"

Da ya yi mata ƙarya, da wataƙila ta yarda. Amma ya kasa, ya kuma kasa faɗin gaskiya. Ta gane da kanta. Ta miƙe a hankali, ta ƙi karɓar hannun da ya miƙa mata.

"Da hannuna na yanke maka cibi," ta ce. Ba ta ƙara komai ba ta fita.

Ba ita kaɗai ba ce. Kafin mako ya zagayo wani malamin makaranta ya zo, wani mai gidan burodi ya zo, wasu ma ba a taɓa ganinsu ba. Kowa da saƙo a wayarsa mai ɗauke da sunan Malam Tsaf. Aka yi cincirindo a ƙofar shago, wani ya jefa dutse ya fasa gilashin nuni. 'Yan sanda suka zo suka tafi da Manaja, suka sa kwaɗo a ƙofa.

Auta ce ta fito da shi. Ta bar aikinta ta yi ta zarya, ta nuna wa masu bincike shaidar ranar da sunan ya bar hannunsu da ranar da wani ya ɗauka. Suka gamsu ba shi ya karɓi dukiyar mutane ba. Wanda ya karɓa kuwa ba a gan shi ba, har yau.

A hanyar gida ya kasa haɗa ido da ita. Can ya ce, "Da kin karya alkawarin."

"Na karya, Yaya," ta ce. "Na yi ta jira ko za ka kira. Da na ga lokaci ya ƙure, na ce zan ɗauki fushin Inna in nemi gafararta daga baya. Na buɗe na tarar an riga ni. Ga alkawari na saɓa, ga sunan ban samu ba."

Hukuma ta sake shi, ta buɗe masa shago, amma bakin mutane bai sake shi ba. Hoton allon shagon ya yi ta yawo a wayoyi, an rubuta a ƙasa: a guji Malam Tsaf, ɗan damfara ne. Masu turawa ba su san mutumin ya daɗe a kabari ba. Ba su san ko allura bai taɓa ci ta kowa ba. Ɗan kwangila ya janye, mai otal ya daina ɗaukar waya, ma'aikata suka watse ɗaya bayan ɗaya.

Manaja ya sayar da motar, ya yi wa Ungozoma tagoginta da ƙofofinta, shi kaɗai ya ɗaura su. Ta karɓa, don ba ta da inda za ta. Amma ranar da ya gama ta aiko a ce masa ya ajiye makulli wurin maƙwabta, ba ta fito ba.

Inna ta ji komai a gidan suna, daga bakin wata mata da ba ta san ko ita wace ce ba. Matar ta nuna mata hoton tana cewa, "Ki gaya wa naki su yi hankali da wannan ɓarawon." Inna ta dawo gida ba ta ci abinci ba, ba ta yi wa kowa magana ba.

Washegari ta yafa mayafi ta ce Auta ta raka ta shago. Rabonta da wurin tun rasuwar mijinta. Suka tarar da Manaja shi kaɗai yana share fasassun gilasai.

Inna ba ta shiga ba. Ta tsaya a bakin titi ta ɗaga kai tana kallon allon.

"Ɗauko tsani," ta ce.

"Inna, zan shafe adireshin yanzu. Ga fenti nan, tuni na saya."

"Ba adireshin ba. Allon duka. Sauke min sunan mijina."

Ya saki tsintsiya ya durƙusa a gabanta, a kan titi, maƙwabta na kallo. Abin da ya ƙi yi a gaban ma'aikata kaɗan, ya yi shi a gaban layi guda. Ya juya wurin ƙanwarsa yana hawaye.

"Auta, na ba ki izini. Ki gyara. Don Allah ki gyara."

"Me zan gyara, Yaya?" ta ce a hankali. "Babu abin da ya rage a hannunmu da zan taɓa."

Inna ta ce, "Ni ma da nawa laifin. Na ɗaure hannun mai gaskiya don in faranta wa babba. Hau ka sauke."

Ya jingina tsani ya hau. Kusoshin sun yi tsatsa, mahaifinsa ne ya ɗaura su da hannunsa, kuma ya ɗaura su tsaf. Sai da ya yi gumi kafin suka saki. Ya sauko da allon a kafaɗa ya jingina shi a gabanta. Inda aka cire ya bar wani farin gurbi a bango.

Inna ta sa gefen mayafinta ta goge ƙurar da ke kan baƙaƙen, ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta ciro wayarta, wadda har yanzu saƙon farkon nan ke ciki, ta dubi 'ya'yanta biyu.

"To, wannan an sauke. Shi kuma wancan na cikin waya, da ake cutar mutane da shi, wa zai hau ya sauko min da shi?"

Manaja na riƙe da tsani, amma babu bangon da zai jingina shi.

Darasi: Girman kai rawanin tsiya ne. Kalma ɗaya Manaja ya ƙi faɗa wa ƙanwarsa, ya rasa abin da ubansa ya shafe rayuwa yana ginawa. In na ƙasa da kai ya san abin da ba ka sani ba, saurare shi, ba ya rage maka girma. In kuma ka gane kuskurenka zai cuci wani, faɗa a ranar, kada kunya ta sa ka jira ranar hutu. Masu imel da sunan sana'arsu kuwa, ku tuna haya kuke: ku san lokacin sabuntawa, kuma kada ku ajiye makullin ajiya a cikin ɗakin da yake buɗewa. Ku tura wannan labari ga ɗan'uwa mai sana'a, da duk wanda kuka san rabonsa da ƙaninsa ya daɗe saboda kalma ɗaya.